Wasiƙa: Kafin ɗalibi ya bi asibitin tafi-da-gidanka zuwa ƙasar waje

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna neman fili a wannan jarida mai farin jini don mu yi magana da ɗaliban koyon aikin likita da na jinya da na ungozoma da na haɗa magunguna, waɗanda ke shirin yin hutunsu a wata ƙasa suna aikin sa kai tare da asibitin tafi-da-gidanka. Harkar ta bunƙasa ƙwarai. Ƙungiyoyi da dama na kwasar ɗalibai su kai su ƙauyukan Honduras ko Gwatemala ko Peru ko Tanzaniya ko Nepal na mako ɗaya ko biyu, a ari ajin makarantar firamare a mayar da shi ɗakin duba marasa lafiya, a yi yini guda, a naɗe kaya a nufi ƙauye na gaba. Ba mu da shakka a kan niyyar yaran nan. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, yawancinsu kan tafi ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu yadda aikin yake tun daga loda mota har zuwa kwashe shara, da kuma wuraren da mai kyakkyawar niyya ke yin ɓarna bai ma sani ba.

Magana ta farko, wadda duk sauran ke rataye a jikinta: abin da ba a yarje maka ka yi kai kaɗai a asibitin koyarwa ba, ba ka da izinin yin sa a ƙauyen wata ƙasa. Ɗinke rauni, cire haƙori, karɓar haihuwa, rubuta magani, duk suna nan a matsayinsu ko da jirgi ya tsallaka teku da kai. A can za ka ji ana cewa ai da babu gara ba daɗi, mutanen nan ba su da kowa. Wannan hujja ita ce ta fi cutar da marasa lafiya, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda aka ɗinke wa rauni da datti a ciki, bayan kwana uku yana cikin halin da ya fi na farko muni, lokacin kuwa motar ta yi nisa. Farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya sun isa su sa a kira ka likita. Ka gyara wa mutum nan take, ka ce kai ɗalibi ne, ka sa tafinta ya maimaita da harshensu. Tun 2010 wani ayarin masana ƙarƙashin John Crump da Jeremy Sugarman suka fitar da ƙa'idojin ɗa'a na irin wannan tafiya, kuma cikin abin da suka nanata akwai wannan: ɗalibi ya tsaya a iya matakin karatunsa, a kuma samu mai kula da shi tsaye a kansa.

Kafin ka biya kuɗin tafiya, akwai tambayoyin da ya kamata ƙungiyar ta amsa maka a rubuce. Shin ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ba su izinin aiki? Wane likita ne mai lasisin wannan ƙasa zai sa hannu a kan duk maganin da aka rubuta? In aka samu mara lafiyar da ya fi ƙarfin ayarin, wane asibiti za a kai shi, tafiyar awa nawa ce, a wace mota, wa zai biya? Wa ke komawa ƙauyen bayan an tashi, kuma bayan kwana nawa? Cikin kuɗin da ɗalibi ya biya, nawa ke tafiya ga magani da albashin ma'aikatan ƙasar, nawa ga masauki da yawon buɗe ido? Ƙungiyar da ta san aikinta ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta watan Janairun 2010, inda ayari-ayari suka kwarara ba tsari, wasu suka yi tiyata suka tafi ba su bar ko takarda ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizani a 2013 na ayarin likitocin ƙetare. A ciki akwai cewa ayari ya yi rajista da hukumar ƙasar da ya je, kowa ya yi aiki a iya lasisinsa, a ajiye bayanan marasa lafiya, kuma ayari ya ɗauki nauyin kansa kada ya zama kaya ga masu masauki. An rubuta shi ne don lokacin bala'i, amma ma'auni ne mai kyau da za ka gwada kowace ƙungiya da shi.

Lafiyar jikinka kuma sai ka fara shirinta da wuri. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ne, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, don haka wanda ya tuna da shi saura mako biyu ya makara. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. In wurin na da zazzaɓin cizon sauro, ka ga likita ya rubuta maka maganin kariya, ka kuma lura cewa ba ranar dawowa ake daina shan sa ba: doxycycline sai an ƙara mako huɗu, atovaquone-proguanil kwana bakwai. Mai zuwa kan tsaunuka irin su Kusko a Peru, mai tsayin kusan mita 3,400, ya ba jikinsa kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara aiki, don ciwon kai da haki na rashin iska kan kama mutum daga mita 2,500 zuwa sama. Inshorar da ta haɗa da kwaso ka a jirgi in ciwo ya yi tsanani, kada ka tafi babu ita.

Sai batun magani, inda a ganinmu aka fi tafka kuskure tun ba a bar gida ba. Ɗalibai kan bi 'yan uwa da abokai su tara ragowar magunguna su cika akwati. A daina. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magani, wadda aka fara fitarwa a 1996, ta ce maganin da za a kai wata ƙasa ya kasance yana da aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya cika, ya kasance cikin jerin magungunan da ƙasar ta amince da su, rubutun jikinsa da harshen da ma'aikatan can ke karantawa, kuma ba wanda aka riga aka ba wani mara lafiya ya dawo da shi ba. Darasin Bosniya ya isa misali: tsakanin 1992 da 1996 an jibge musu magungunan agaji, aka ƙiyasta kusan tan 17,000 ba su da amfani, kuɗin lalata su kaɗai ya kai dala miliyan 34. Sayen magani a cikin ƙasar daga dillali mai rajista ya fi, domin in na mara lafiya ya ƙare zai samu irinsa da sunan da ya sani. Zafi ma maƙiyi ne. Yawancin ƙwayoyi ana son a ajiye su ƙasa da digiri 25 zuwa 30, cikin motar da aka rufe a rana kuwa zafi kan wuce haka nesa ba kusa ba. A sauke kwalaye a inuwa da zarar an isa.

In ayarin na ɗauke da alluran rigakafi, akwatin sanyi na bukatar mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai shi. Ana riƙe su ne tsakanin digiri 2 da 8. Kowa na tsoron kada su yi zafi, amma kuskuren da ake yawan yi shi ne daskarar da su. Rigakafin ciwon hanta da na sarƙe-haƙora da haɗin nan mai kare cuta biyar suna lalacewa in suka daskare, kuma ido ba ya gane hakan a kallo ɗaya. Shi ya sa ba a ɗauko ƙanƙara daga firiza a jera ta kai tsaye. Ana barin ta a waje tukuna har sai in an girgiza robar an ji ruwa na motsi a ciki. A jikin kwalba akwai ɗan da'ira da murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta, kwalbar ta tashi daga aiki. Rigakafin ƙyanda kuma, da zarar an haɗa shi da ruwansa, awa shida ne iyakarsa.

An iso ƙauye. Tsarin wuri shi ne a sa mutane su bi hanya ɗaya ba komawa baya: rajista, awo, ganin likita, gwaji, karɓar magani, fita ta wata ƙofa. Ɗakin duba mata ya samu labule da mace a ciki. Amma kafin a buɗe littafin rajista, ma'aikacin jinya da ɗalibi ɗaya su bi layin tun daga farko har ƙarshe suna duba fuskoki. Dalili shi ne, mai ƙarfi ne ke kama gaban layi. Uwar da ta goyo yaro mai tsananin ciwo daga nesa ita ce ke isowa a makare, ta zauna can gefe a ƙarƙashin bishiya ba ta da ƙarfin turereniya. Alamomin da ke sa a ɗauko yaro a tsallake layi da shi sanannu ne: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ga manya kuwa, ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, zubar jini, mai ciki da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. A maimaita wannan zagaye duk bayan awa ɗaya, don layin safe ba shi ne na azahar ba.

Teburin rajista ɗalibai kan raina shi, alhali nan ne kuskure ke shiga ya bi mara lafiya har gida. A ƙauye guda za ka samu mutum biyar masu suna ɗaya, don haka kowa ya samu lamba, lambar ta hau katinsa da abin gwajinsa da ledar maganinsa. Duk yaro a ɗora shi a sikeli, kada a yi kintace, domin maganin yara da nauyi ake auna shi. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. In aka rubuta kilo 18 a maimakon 8, an ninka wa yaro magani fiye da sau biyu. Jaririn da ya ƙi kwanciya a sikeli, a auna uwa tana riƙe da shi, a sake auna ta ita kaɗai, a debe. A tambayi kowace mace da ke shekarun haihuwa ko tana da ciki ko tana shayarwa, a keɓe, a rubuta amsar a saman kati.

Awon da ake ba ɗalibi yana kama da ƙaramin aiki, amma a kansa likita zai gina hukuncinsa. Ƙirga numfashin yaro minti guda cur ake yi, da agogo, yaron na kwance a jikin uwarsa ba ya kuka. Masu ƙirga na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu suna kuskure, saboda numfashin ƙananan yara ba ya tafiya daidai. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, 40. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60. Ka ɗaga rigar ka duba ƙasan haƙarƙari, in yana lotsawa ciki lokacin da yaron ke jan numfashi, ka kira likita. Awon damtse don gano tamowa na yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne. Ana lanƙwasa hannun hagu a nemo tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan a saki hannun ya miƙe a zagaya tef ɗin, ba a matse ba, ba a sake ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, yaron na cikin haɗari ko da tef ya nuna kore, ko da kuwa a ido ya yi kama da mai ƙiba.

Awon hawan jini ya fi kowane awo saurin yaudara. Mutum ya taho a ƙafa cikin rana, ya tsaya a layi, ga baƙi kewaye da shi, dole jininsa ya hau. A zaunar da shi minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba ya magana. Ɗamarar abin awon da ta yi wa damtse kaɗan tana ƙara lamba, don haka ayari ya riƙe girma biyu ko uku. Ba a ce mutum na da hawan jini sai an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, asibitin da zai yi yini ɗaya kuwa ba shi da rana ta biyu. Mai ciki da ta wuce mako 20 aka samu 140 bisa 90, wannan ba ta jiran wata rana: a gwada fitsarinta, a shirya kai ta asibiti, don jijjigar masu ciki ba ta sallama.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ɗalibi zai iya koyon sa a yini, amma kurakuransa ma a yini ake koyon su. A rubuta lambar mara lafiya da lokacin da aka fara a jikin abin gwajin kafin a huda yatsa. A goge da sifirit a bar shi ya bushe. Jinin da ake bukata kaɗan ne ainun, kusan maikirolita 5, daidai abin da ɗan bututun cikin kwalin ke ɗauka. In ya yi yawa, fage ya yi ja, layin ya ɓace. Ruwan gwajin kowane kamfani nasa ne, ba a ari na wani kwali, ba a maye shi da ruwan sha, adadin ɗigonsa kuma yana rubuce a takardar ciki. Ana karantawa ne a minti 15 ko 20 gwargwadon kamfani. Wanda aka manta a kan tebur har awa guda, layin da ya fito daga baya ba a aiki da shi. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin bai yi ba, a sake. Akwai abu biyu da ya kamata ɗalibi ya sani don kada ya ɗauki gwajin tamkar yankan wuƙa. Wanda ya sha magani ya warke, gwajinsa na iya ci gaba da nuna cutar har makonni. Sannan a yankin Amazon na Peru da wasu sassan gabashin Afirka irin su Eritriya, akwai ƙwayar cutar da ta rasa sinadarin da gwajin da aka fi amfani da shi ke nema, sai ya nuna babu alhali akwai. Ma'aikatan ƙasar sun san wannan, baƙo ne bai sani ba.

Wannan ya kawo mu ga matsayin ma'aikatan wurin. Baƙo raɓa ne, su kuwa suna nan jiya, suna nan gobe. Abin da ka haddace a aji na iya zama guba a wata ƙasa. A wuraren da zazzaɓin dengi ya yi yawa, kamar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ba a ba mai zazzaɓi asfirin ko ibuprofen saboda haɗarin zubar jini, farasitamol ake bayarwa. A dazukan Kamaru da Gabon, inda tsutsar ido mai suna lowa-lowa take, maganin tsutsa mai suna ivermectin na iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi wa yawa a jini. Maganin tsutsar ciki da sinadarin bitamin A, wataƙila ma'aikatar lafiya ta raba su watan jiya, kai ba ka da labari ka sake bayarwa. Bitamin A mai ƙarfi tsakanin wata huɗu zuwa shida ake ba yara, kuma ba a ba mai ciki. Ka tambayi nas ɗin ƙauyen kafin ka buɗe kwali. Haka tafinta: ka kalli mara lafiya lokacin da kake magana, jimla ɗaya-ɗaya gajeru, ka roƙi tafinta ya faɗi duk abin da aka ce kada ya taƙaita. Kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa ciwon mata, kada a sa maƙwabci ya fassara maganar da ta shafi sirri. In an ƙi kiyaye wannan, mutum zai ce maka ciwon kai ne ya kawo shi, ya tafi da ainihin ciwonsa.

Teburin magani shi ne wurin da ɗalibi mai natsuwa ke da amfani fiye da ko'ina. Mutum biyu ke duba kowace leda, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya gwada da abin da likita ya rubuta. A jikin ledar a rubuta sunan magani da ƙarfinsa da lambar mara lafiya, ga wanda ba ya karatu a zana rana mai fitowa, rana tsaka, da wata, a sa ɗigo adadin ƙwayoyi a ƙarƙashin kowanne. Uwar da ta zo da yara uku a ba ta leda uku masu alama daban. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono. Ƙwaya ɗaya ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu zuwa ƙasa da 25, uku zuwa ƙasa da 35, huɗu daga 35 zuwa sama. A ba da na farko a gabanka, in mara lafiya ya amayar cikin rabin awa a sake. Abin da ke faruwa a gida shi ne, yaro ya ji sauƙi a rana ta biyu, a ajiye sauran don ƙaninsa, don haka sai an faɗa an sake faɗa cewa a shanye. Ga mai gudawa, ƙullin gishiri da suga a zuba shi cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya, a nuna wa uwa da kwalbar da ta sani, in ya kwana ya yini a zubar. Zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. A ƙarshe kada ka tambaya ko an gane, kowa zai ce e don kunya. Ka ce uwar ta maimaita maka yadda za ta ba shi.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, Malam Edita. Zazzaɓi da gudawa da tsutsa, ana iya gamawa da su a ziyara ɗaya. Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da tarin fuka da ƙanjamau ba haka suke ba. A auna dattijo sau ɗaya, a miƙa masa ƙwayoyin wata guda, a tafi: in suka ƙare ba shi da inda zai samu, ba wanda zai sake auna shi, ba wanda zai duba ƙodarsa. An yi ba a yi ba ke nan, wani lokacin ma an ƙara masa haɗari, domin maganin farfaɗiya da wasu na hawan jini in aka yanke su farat ɗaya ciwon kan dawo da ƙarfi. Maganin tarin fuka yawanci wata shida ne, kuma fara shi a yanke shi ne ke haifar da nau'in da ba ya jin magani. Mai tari na mako biyu ko fiye, aikin ayari shi ne ya haɗa shi da cibiyar gwamnati mai gwajin majina. Gwada mutum a gano cuta alhali ba inda za a tura shi, wannan ɗora masa damuwa ne kawai. Saboda haka muke cewa darajar asibitin tafi-da-gidanka tana ga igiyar da ta ɗaure shi da asibitin da ke zaune a yankin. Takardar turawa ta zama kwafi biyu, ɗaya a hannun mara lafiya, ɗaya ga ma'aikacin lafiyar ƙauyen, ɗauke da abin da aka gani, abin da aka bayar da lokacinsa, da lambar wayar wanda zai bibiya. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, in tafiyar na da nisa, likita na iya sa masa artesunate ta dubura kafin a tashi, amma wannan sayen lokaci ne kawai, dole a kai shi.

Game da allura: ba a mayar mata da murfi bayan an yi amfani da ita, nan ne sukar yatsa ke yawan faruwa. Kwalin zuba allurai ya kasance a inda hannu zai kai ba sai an tashi ba, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Safar hannu ɗaya ga mutum ɗaya, kuma ba ta ɗauke wanke hannu. Man goge hannu mai sifirit daƙiƙa 20 zuwa 30, sabulu da ruwa 40 zuwa 60. Jinin da ya zuba a ƙasa a rufe shi da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ya matse, ya faɗa wa shugaban ayari nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awanni, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Ka tambaya tun a gida ko ayarin na ɗauke da shi a mota, don ɗalibai da yawa kunya kan sa su ɓoye har lokaci ya ƙure.

Shara kuma ta koma tare da ayari. Kwalin allurai da audugar jini ba a barin su a bayan ajin da yara za su dawo gobe. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna kwalarar da ta ɓarke a Haiti a Oktoban 2010, wadda aka gano ta fito ne daga bahayar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kashe kusan mutum dubu goma, har Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen ƙasar a Disamban 2016.

Waya ta zauna a aljihu. Hoton yaro mai tamowa ko na mace a kan gadon awo ba kayan Facebook ko Instagram ba ne, kuma izinin da mutum ya bayar yana tsaye a layi yana jiran magani ba cikakken izini ba ne, don yana tsoron in ya ƙi a hana shi. Ba a raba alewa ko kuɗi, ba a yi wa kowa alkawarin dawowa ko ɗaukar nauyin tiyata in ba a tabbatar ba.

Da yamma kafin a tada mota, ayari ya zauna na rabin awa tare da ma'aikatan wurin. A ƙirga maganin da ya rage a gwada da abin da littafi ya nuna an bayar. A karanta sunayen waɗanda aka tura asibiti ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wa zai bi kowanne da ranar da zai je. A faɗi kuskuren da aka yi a yinin ba tare da neman mai laifi ba, ko leda ce aka musanya, ko gwaji aka karanta a makare, a koma a gyara tun mutanen ba su yi nisa ba. Kwafin rajistar yinin, da adadin masu zazzaɓi da gudawa da tamowa, a miƙa shi ga asibitin yankin don ya shiga rahotonsu na wata, in kuma an ga abin da ya yi kama da ƙyanda ko kwalara ko shan inna, a buga wa jami'in sa ido kan cututtuka waya a ranar.

Muna roƙon shugabannin makarantun koyon aikin lafiya da su riƙa neman amsoshin tambayoyin da muka jero a sama kafin su sa wa ɗalibi hannu a takardar tafiya.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu malamai masu koyar da aikin lafiya